Bulon da Ba Ya Shan Ruwa

Shebur ake ce masa, har jikokinsa. Tun yana saurayi yake buga bulo. Siminti ya cinye masa tafin hannu, ya bar masa tarin da ba ya jin magani. Ba mai magana ba ne. Idan yana sonka ba zai faɗa ba, sai dai ka fito ka tarar ya liƙe maka dakalin da ya tsage. Abin da ya yi imani da shi a sana'a shi ne ban ruwa: kullum da safe yana jan tiyo layi-layi, sai kowane bulo ya sha ya ƙoshi.

'Ya'yansa maza sun guje wa ƙurar, ɗaya direba, ɗaya tela. Autarsa ce ta karanci gini, ta dawo da sabon zance: kankare marar siminti. Tokar masana'anta ake kwaɓawa da yashi da wani ruwan sinadari.

"Toka?" ya ce. "Wanki za mu yi ko gini?"

"Baba, tokar nan zubar da ita ake yi a banza. Siminti kuwa sai an cika sama da hayaƙi kafin a same shi."

"Sama ba ta kawo mini ƙara ba."

Duk da haka da hannunsa ya share mata kusurwar filin da yake buga bulo. Wani ɗan kwangila ya ce zai zo ya gwada bulonta. In ya yi ƙarfi, zai ba ta katangar wata makaranta, ta zauna ta riƙe filin. In bai yi ba, akwai kamfani a wani gari mai nisa da ke kiranta. Shebur so yake ta zauna, amma bai taɓa furtawa ba.

Ta buga bulonta, ta lulluɓe da baƙar leda. Ta yi masa bayani cewa wannan bulon zafi yake so, ruwa wanke masa ƙarfi yake yi. Ya gyaɗa kai kamar yadda yake yi wa rediyo. Sai ta yi tafiya neman ƙarin sinadari.

Da safe ya ga ɗanyen bulo a rana, ba mai kula da shi. Zuciyarsa ta kasa jurewa. Ya yaye ledar, ya ba su ruwa fiye da nasa. Washegari ya ƙara.

Ranar gwaji bulon ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gishiri. Ɗan kwangila ya ɗaga ɗaya ya saki, ya wargaje.

"Injiniya, bulo kika buga ko biskit?" Ya kakkaɓe hannu ya shiga mota.

Ta tsuguna ta taɓa ƙasar wurin, ta ji danshi.

"Baba, ruwa ka ba su?"

"Na ga suna jin ƙishi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe ta ce, "Sannu da aiki, Baba."

Kafin wata ya ƙare ta tafi aikin kamfanin. Yanzu rabin filin wani bakanike ne a ciki, ƙasar duk ta yi baƙi da mai. Takan bugo waya ta ba shi labarin benayen da suke ɗorawa. Kullum yana shirya abin da zai ce: ki dawo ki sake bugawa, ba zan taɓa ba. In ta yi shiru tana jiransa, sai ya yi tari ya ce, "Kin ci abinci?"