Gwangwanayen Ajin Malama Tuda

Malama Tuda ba ta jin nauyin manya, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Ko liman ne ya faɗi ba daidai ba, a gabansa za ta gyara masa. Shekara goma sha ɗaya tana koyar da 'yan aji huɗu a ƙauyenmu, tana zaune a ɗakin da ke jikin gidana.

Ajinta kullum a jiƙe yake. Yau su tace ruwan laka da yashi da gawayi, gobe su sa ƙwai a ruwan gishiri su ga ya taso.

Mu da kwano muke rabon ruwan gona. Na tagulla ne mai huji a gindi, ana ɗora shi kan ruwan bokiti, kowa da yawan nutsewar da za a sakar masa ruwa. Alhaji Assu ke riƙe da shi, gadonsu ne. Tuda ta are shi wuni guda, ta sa yara suka yi ta huda gwangwanayen tumatir har kowanne ya riƙa nutsewa tare da shi. Suka tafi bakin magudana da abinsu.

Ranar rabon dangin Alhaji, tare suka nutse. Ranar rabon mutanen ƙasan gari, kwanon ya riga gwangwani ashirin nutsewa. Ashe kwano biyu gare Alhaji, ɗayan mai saurin nutsewa.

Mutane suka yi ta zuwa godiya. Bihi, wanda dabinonsa suka fi bushewa, har da rantsuwa: "Malama, ki faɗa a taro, wallahi muna bayanki."

Ta faɗa. Alhaji ya yi dariya. "'Yata, da gwangwanin tumatir za ki auna ni? Miya za mu yi?"

"Fito da na cikin alkyabbarka, Baba Alhaji, mu jiƙa su tare."

Ta waiwaya. Bihi yana kallon takalminsa. "Wasan yara ne," in ji shi. Ina bakin ƙofa, ni ma na kau da kai. Ruwana ta gonar Alhaji yake biyowa.

Maza suka sa hannu a takarda, wai tana raba kan gari. Aka yi mata canji zuwa wata makaranta can bayan duwatsu.

Da safen tafiyarta na kai mata kwandon dabino. Ba ta karɓa ba.

"Inna Itto, ki gaya musu abu ɗaya nake roƙo. Kada wanda ya rako ni bakin mota. Har ke."