Ƙwan da Yaya Asabe Ta Aiko Mini

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Asabe, maƙwabciyata a Muciya, kuma sai yau na samu ƙarfin halin rubuta abin da ya shiga tsakaninmu.

Ba uwa ɗaya ta haife mu ba. Katanga ce ta haɗa mu shekara goma sha tara, ni ina koyarwa a firamare, ita tana kiwon kaji. A wurinta na san cewa ba kowace kaza ake sa wa ƙwai ba. Kajin turawa, in ji ta, sun iya saka ƙwai amma ba su iya zaman kwanci ba. Sai ta haɗa jan zakaran turawa da kajin Hausa masu wake-waken gashi, tana ware 'ya'yan da suka ɗauko girman uba da juriyar uwa. Ta yi shekaru a kan haka, har mutane suka riƙa cewa "irin Asabe".

Lokaci ma ba ta wasa da shi. Da bazara zafi kan mayar da ƙwai baragurbi, da damina tsaki ya jiƙe ya mutu. Sai ruwa ya ɗauke, hatsi ya shigo gida, take sa wa kaza ƙwai, don 'yan tsaki su yi ƙwari kafin cutar kaji ta lokacin hunturu ta zo.

Da aka mayar da maigidana aiki Samaru muka tashi. Can na shiga sayen tsakin inji ɗari-ɗari, na fara ganin nata kamar wasan yara. Zuwa Muciya ya koma sai bikin Kirsimeti, daga baya ma ya tsaya.

Wata shekara da kaka, Yaya Asabe ta aiko ɗiyarta Lami da ƙwarya cike da dusa, an binne ƙwai goma sha biyu a ciki. Lami ta ce, "Mama ta ce na Wake ne, kazar da kike so. Ki sa su cikin satin nan, kada irin ya ɓace." Na yi godiya, na ajiye. Ba ni da kaza mai kwanci, ban kuma nema ba. Ranar Lahadi muka yi baƙi daga coci, na soya su.

Bayan wata guda Lami ta sake biyowa, ta ce Mama na tambaya ko sun ƙyanƙyashe. Kunya ta kama ni. Na ce, "Ki ce mata tara suka fito." Ban tambayi dalilin da ya hana ta zuwa da kanta ba.

Ashe tun damina take kwance. Ta rasu kafin sabuwar shekara. Da na isa gidan makoki, an riga an yanka kajinta duka don masu zuwa gaisuwa. Lami ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce, "Anti, ba komai, ai irin yana wurinki. Mama ta yi murna ƙwarai da taran nan."

Yau in na ratsa kasuwar Sabon Gari na ga tsaki cikin kwali, ana sayarwa rani da damina, ana odarsu ta wayar salula, nakan tambayi kaina me za ta ce. Ina jin ba za ta kushe ba. Za ta ɗaga guda a tafin hannu, ta duba ƙafarsa, ta tambayi mai shi ina uwarsa.

Irin Asabe ya ƙare, kuma a kaskona ya ƙare. Abin da ya saura shi ne Lami, wadda ta yi aure a Hanwa, ta kuma gaji hannun uwarta da haƙurinta. Makon jiya na je na faɗa mata gaskiya. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta share ido da bakin zane, ta ce, "Gara da kika ce mata tara, Anti. Ranar ce ta ƙarshe da na ga ta ci abinci da marmari."