Saje Dramani Mai Fararen Ɓeraye

A zamanin da Nima take sabuwar unguwa a bayan birnin Akra, gidaje tsilli-tsilli, shanu suna kiwo har kusa da ƙofar masallaci, babu wanda bai san Saje Dramani ba. Shi dai ya fi so a ce an san shi ne saboda yaƙin Jamus da ya je a gabashin Afirka, inda ya dawo da igiya uku a hannun riga da gwiwa ɗaya mai ciwo. Gaskiyar magana kuwa, an san shi ne domin a duk faɗin unguwar shi kaɗai ne dattijo mai gemu da carbi da yake kiwon ɓeraye da gangan.

Ba shi ya fara ba. Ɗansa tilo, Jibirilu, yana koyon aikin katako wurin wani kafinta ɗan ƙabilar Ga a unguwar Osu. Wata rana suka je gyaran taga gidan wani likita Bature da zai koma ƙasarsu, kukun gidan ya rasa yadda zai yi da wasu fararen ɓeraye, mace da namiji, masu jajayen idanu. Jibirilu ya zuba su cikin hularsa ya kawo gida. Saje ya ce a gidan da yake kwana ba za a ciyar da ɓarawo ba, ko da ɓarawon ya sa fararen kaya. Matarsa Memunatu ta ce a bar yaro da abinsa. Aka bar shi.

Jibirilu ya samo katakon akwatin madara ya haɗa musu gida, aikinsa na farko da babu hannun maigidansa a ciki. Akwatin ya fito a karkace. Ƙofarsa ba ta rufuwa sai an ɗaga ta sama, kusurwoyin ba su haɗu ba, inda ƙusa ta ƙi shiga kuwa sai ya cika wurin da danƙo. Saje ya zagaya shi, hannu a baya kamar mai duba fareti, ya ce da a bariki ne wanda ya yi wannan aiki sai ya kwana a gadirum, ɗakin tsare sojoji. Jibirilu ya yi dariya ya ce na biyu zai fi kyau.

Bai yi na biyu ba. Da damina ta zagayo zazzaɓi ya kama shi, bai yi mako a kwance ba ya rasu, ko maganar aure ba a fara yi masa ba. Bayan an watse daga zaman makoki, Memunatu ta ɗauka mijinta zai kai ɓerayen bayan gari ya sake su. Sai ta fito da safe ta same shi tsugune gaban karkataccen akwatin, yana tura musu gasarar koko a kan murfin gwangwani.

Ɓera ba ya jiran a roƙe shi haihuwa. Kafin shekara ta zagayo, bayan ɗakin Saje ya cika da akwatuna, waɗannan kuwa kafintan gaske ne ya yi su. Wani gardi daga Sabon Zongo mai wasa da mesa a kasuwa ya zama abokin cinikinsa, yana zuwa da jaka ya sayi abincin macijiyarsa. Wani masinja kuma yakan zo ya saya wa likitoci. Sai dai Saje yana da doka guda: ɓeran da aka raɗa wa suna ba a sayar da shi. Matsalar ita ce Saje ba ya iya kallon ɓera sau biyu bai ba shi muƙami ba. Akwai Kofur, akwai Samanja, akwai Mai Begila saboda yawan kukansa, akwai wata uwa mai faɗa da ya kira Kanar. Gardin ya sha yin ƙorafi cewa mesarsa ta fi limamin unguwa yawan azumi. Manyan hafsoshin nan, tsofaffi masu suna, su ne suke zaune a akwatin Jibirilu. Kowace safiya nan Saje yake fara tsayawa, ya ɗaga ƙofar sama, ya buɗe, ya gaishe su.

Ana nan, a wata bazara mai zafi, rundunar ɓerayen ta fara susa. Saje ya ga ƙuraje a wuyan Kofur, gashin kafaɗar Kanar yana zubewa. Ya kai ɗaya hasken rana ya buɗa gashin, sai ga wasu 'yan ƙwari ƙanana kamar garin barkono, waɗanda suka sha jini sun yi ja, suna tafiya a hankali. Ƙuma ce irin wadda take addabar kaji. Ko a busasshiyar ciyawar shimfiɗa ta shigo, ko ɓerayen daji ne suka kawo ziyara, Allah kaɗai ya sani. Saje dai ya ɗora laifin a kan ɓerayen daji, ya ce farar hula ba su da tsafta.

Ya ɗaura yaƙi. Ya sa an ɗora ruwa, ya jera ɓerayen ɗaya bayan ɗaya yana yi musu wanka da sabulun salo, yana tsane su da tsohon rawani, sannan ya shafe su da man kaɗanya har suka riƙa sheƙi. Matan gidan, da yake gidan haya ne, suka fito kallo. Adiza, mai sayar da shinkafa da wake a bakin hanya, ta ce ita ranar aurenta ma ba a gyara ta haka ba. Kwana kaɗan susa ta lafa, sannan ta dawo. Wani ya ba shi shawarar ruwan taba. Ya gwada a kan Kofur, Kofur ya mimmiƙe kamar ya mutu, Saje ya yini yana yi masa fifita da hula har ya farfaɗo, daga nan bai sake kusantar taba ba. Ya barbaɗa toka, fararen ɓeraye suka koma ruwan toka. Har wurin malamin unguwa ya je, malamin ya saurare shi da kyau, ya ce a iya karatunsa bai ci karo da babin ɓera ba, amma zai sa su a addu'a.

Kafin nan ƙumar ta gaji da ɓeraye ta fara ɗanɗana mutane. Ana sahun salla ana susa. Jaririn Adiza ya wayi gari wuyansa da cikinsa duk jajayen ƙuraje, ba ya barci, ba ya barin uwarsa ta yi.

Memunatu ce ta gaya masa abin da duk macen da ta taɓa kiwon kaji ta sani. Ta ce ƙumar ba a jikin dabba take zama ba, a tsagar katako take da cikin ciyawa, ta fito ta sha jini ta koma. In ya wanke ɓera ya mai da shi akwatinsa, abinci kawai ya wanke mata. Saje ya ce wannan maganar kaji ce, ɓera daban. Washegari ya tara mutanen gidan ya sanar da su cewa ya gano maɓoyar abokan gaba, kamar yadda ya taɓa gano ta Jamusawa. Memunatu tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.

Aka yi gagarumin aiki. Aka kwashe ɓerayen aka zuba a wankakkun garewanin kananzir, aka ƙone ciyawar shimfiɗa ƙurmus. Adiza ta ba da aron babbar tukunyarta, aka tafasa ruwa aka riƙa kwarara wa akwatunan ciki da waje, aka bi tsagoginsu da tsumma mai kananzir, aka shanya su a rana har warin ya fita. Aka share bayan ɗakin, aka watsa wa bango ruwan zafi. Akwati ɗaya ne kawai ruwa bai taɓa ba. Saje ya ce ya duba na Jibirilu da idonsa, babu komai a ciki. Ya goge shi da busasshen ƙyalle ya mai da hafsoshinsa.

Ya san dalilinsa. Katakon ya tsufa, danƙon nan ne yake riƙe da rabinsa. In tafasasshen ruwa ya sauka a kai, abin da za a tsince ba akwati ba ne, itacen hura wuta ne.

Ba a daɗe ba susa ta dawo, daga hafsoshi ta bi sauran akwatuna, daga nan ta koma kan jaririn Adiza. Wannan karon Adiza ba ta yi wasa ba. Ta ɗauko yaron ta buɗe masa riga a gaban Saje ta ce, "Baba Saje, dubi jikanka. Ni ban ce komai ba, kai dai duba."

Mai gidan da suke haya, Osman, mahauci ne, mutum mai sanyin magana, kuma tare da Saje suke zama bayan la'asar shekara da shekaru. Ranar ya dawo daga mayanka, ya wanke hannu, ya karɓi farin ƙyalle wurin Memunatu ya shimfiɗa a tsakar gida. Ya nemi izini, ya ɗauko akwatin Jibirilu da ɓerayen a ciki ya ɗora a kai, ya ƙwanƙwasa gefensa da ƙotar wuƙa. Da ya ɗaga, ƙyallen ya yi ɗigo-ɗigo ja, ɗigon kuma yana motsi. Duk tsagar da Jibirilu ya bari, ƙuma ta mai da ita ɗaki.

Saje ya ce wataƙila daga ƙyallen ne.

Osman bai yi dariya ba. Ya ce, "Saje, da kafaɗata aka ɗauki Jibirilu zuwa maƙabarta, ka sani. Amma na Adiza yana da rai. Ko akwatin ya sha wuta, ko rundunar duka ta bar gidan nan. Ka zaɓa kafin Juma'a."

Saje ya ce to, shi da rundunar za su tashi. Ya shiga ɗaki ya fara naɗe bargonsa na soja, yana yi yana duban ƙofa ko wani zai zo ya hana shi. Babu wanda ya zo sai Memunatu, ita ma da ƙwaryar wake ta shigo, ta zauna bakin gado tana tsincewa. Ta bar shi ya gama ɗaure bargon. Sannan ta tambaye shi wane gida ne a Nima ko Maamobi zai karɓi tsoho da ɓeraye da ƙuma, ko kuwa ƙumar zai bari a nan ya tafi da akwatin.

Ta ce, "Ƙuma ba ta cin katako, Saje. In ba jini, yunwa ce take kashe ta. Ka fitar da ɓerayen, ka ɗora akwatin a kan rufin kwano, rana ta yi aikinta. Ba sai an ƙone ba."

Saje ya dubi bargon. Ya ce, "A bar shi haka nan? Babu kowa a ciki?"

"Tabarmar Jibirilu ma tun yaushe take naɗe," in ji ta, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ranar Alhamis da hantsi Saje ya sa tsohuwar rigarsa ta soja. Ya ɗaga ƙofar akwatin, ya fito da Kanar, ta cije shi kamar yadda ta saba. Ya fito da Samanja da Mai Begila, Kofur ne na ƙarshe don ya maƙale a kusurwa ya ƙi fitowa. Ya yi musu wanka, ya sa su a sabon akwati mai sabuwar shimfiɗa. Ya juye tsohuwar ciyawar a wuta. Osman ya ji shawarar, ya auna ta, ya ce ya yarda muddin akwatin ba zai sauko da wuri ba, kuma da kansa ya aro tsani. Samarin gidan suka ce su za su hau, Saje ya ce ba su san yadda ake riƙe shi ba. Ya hau da gwiwarsa mai ciwo, mataki ɗaya sai ya huta, akwatin a rungume a ƙirji. Ya ajiye shi a ƙololuwar rufin, nesa da bango, ya danne da dutse.

Aikin bai fi na ɗan lokaci ba, amma Saje bai sauko ba. Yana tsaye a kan tsani, hannunsa a kan murfin, kwano yana ƙona masa gwiwar hannu. Osman yana riƙe da tsanin a ƙasa, idonsa a kan bango. Matan gidan kowacce ta samu abin yi a ɗaki. Sai can Osman ya yi gyaran murya ya ce nama yana jiransa a kasuwa, kuma in Saje ya faɗo ba shi da wanda zai bar wa Kanar. Saje ya sauko.

Aka sake tafasa ruwa, aka sake bin sauran akwatunan, wannan karon babu wanda aka ɗauke wa. Susa ta ragu, ta ƙare. Gashin Kanar ya tsiro, fatar jaririn Adiza ta washe, har ya zama shi ne yaron da ya fi kowa son leƙa ɓerayen da ya fara tafiya. Da watanni suka wuce, Osman ya ce yanzu kam ko ƙwan ƙuma babu a akwatin nan, in Saje yana so a sauko masa da shi. Saje ya ce ba sauri ake ba.

Ya rayu har bayan yaƙin duniya na biyu, yana ba samarin da suka dawo daga fagen yaƙi a ƙasar Bama labarin nasa yaƙin, suna haƙuri da shi. Gardin ya daina zuwa, mesarsa ta mutu, ya ce ba yunwa ce ta kashe ta ba amma yunwar ta taimaka. Akwatin yana nan a kan rufi, rana ta kore launinsa, har masu kwatance suka riƙa cewa a wuce gidan mai akwati a ka, a karya dama. Abin da mutanen gidan suka lura da shi kawai shi ne, tun daga wannan shekara Saje ya ɗauke kujerarsa ta la'asar daga gindin bango ya mai da ita can ɗaya gefen tsakar gida, inda ake hango rufin. Ya ce inuwar can ta fi sanyi. Wurin ko inuwar kara babu, amma Osman ya ja tasa kujerar ya bi shi.