Sallamar Kawu Sale a Ƙofar Gilashi

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gem na Kawu Sale a Tudun Ƙofa da ke Keffi ya san abu ɗaya: Kawu ba ya shiga gida babu sallama, ko da gidan cikin talabijin ne. Yayan mahaifiyata ne, tsohon direba da ya yi ritaya ya mai da zaurensa shago, sai gem ɗin ya kama shi fiye da yaran da ya buɗe dominsu. Wanda ya fi so shi ne wanda muke kira Jar Duniya, inda mutane suka bar wannan duniyar suka kafa ɗan ƙauye a wata duniyar mai jan rairayi. In ya kai ɗan wasansa bakin ƙofa sai ya tsaya cak, ya ɗaga murya: "Salamu alaikum!" Ya ɗan jira, sannan ya tura.

Sau nawa aka bindige shi a wannan jiran! Mu yi ta ihu, "Kawu shiga mana, dodanni ne a ciki!" Shi kuwa ko a jikinsa. "To dodo ba mai gida ba ne? Gara a harbe ni da a ce ban da tarbiyya."

Rigima ta tashi ranar da amininsa Malam Bitrus, malamin firamare, ya sayo kashi na biyu. Shago ya cika har waje. Ana kunnawa muka ga babu jan rairayi, babu ƙauye. Masu gem sun kwashe kowa sun kai wani birni mai lilo a sararin samaniya, ko'ina gilashi, motoci na shawagi. Rabin samari suka ɗau tafi, rabi suka ce an cuce su. Aka miƙa wa Kawu hannun gem. Ya isa ƙofar farko, ya buɗe baki, "Salamu…" sai ƙofa ta wangale da kanta.

Kawu ya ajiye hannun a hankali.

"An kai mu Abuja," in ji shi. "Bitrus, cire abin nan."

"Haba Sale, ko lungu ɗaya ba ka gani ba!"

"Na ga abin da zan gani. Gidan da ƙofarsa ba ta jiran sallama babu mutum a cikinsa."

Daga ranar ya haramta kashi na biyu. Shago ya rabu, 'yan rairayi da 'yan gilashi, har aka kusa ba hammata iska a bakin titi. Malam Bitrus ya ja nasa mutanen zuwa barandarsa. Kawu ya daina yi masa magana, amma kullum sai ya bi ta ƙofar gidansa ya yi sallama, a amsa, ya wuce fuska a murtuke.

Muna cikin wannan dariya ƙafafun Kawu suka kumbura. Likita ya ce ƙoda ce, a kai shi babban asibiti a Abuja, kuma kada a ɓata lokaci. Kawu ya ce allambaram. 'Yarsa Hajara ta durƙusa tana kuka, ni ma na roƙa har muryata ta dishe. Tsoro ya kama ni sosai, don numfashinsa ya fara sarƙewa.

"Garin da ya haɗiye Maraba yana tahowa Keffi, ni zan kai masa kaina? Ya iske ni a nan!"

Malam Bitrus ne ya shigo, ko zama bai yi ba. "Sale, kai da ka je Jar Duniya ka dawo, Abuja kake tsoro? Faɗa min in je in gaya wa yara."

Kawu ya harare shi. "Wa ke tsoro? Ku kawo mota!"

Muka isa asibitin har da Malam Bitrus, sai ga ƙofar gilashi. Hajara ta dube ni, na dube ta. Kawu ya matsa, ƙofa ta buɗe, ya ja ya tsaya. Ta rufe. Ya yi sallama, ta sake buɗewa, babu mai amsawa. Gumi na zuba masa, na ji nauyinsa yana ƙaruwa a kafaɗata.

"Mu koma gida," ya ce.

Sai Malam Bitrus ya zagaye mu ya shige, ya juyo ya gyara tsayuwa kamar mai gidan. "Sake yi, Sale."

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Shigo, sannu da zuwa."

Kawu ya taka ya shiga yana haki, ya kalle ni. "Ka gani ko? Ashe da mutum a ciki."

Damina biyu ya ƙara tare da mu. Ya ma ɗage takunkumin kashi na biyu, bisa sharaɗin Malam Bitrus ya zauna a gefensa yana amsa sallama a kowace ƙofa. Birni guda fa! Bawan Allah har ya riƙa zuwa da ruwan sha.

Yau shagon a rufe yake, amma ban taɓa wucewa ban yi sallama ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya gafarta masa. Ranar da ya tsaya a ƙofar Aljanna, Allah ya sa a amsa masa tun bai rufe baki ba. Amin.