Turmina a Kwamfutar Ƙanin Mijina

Ni dai dakan yaji ne sana'ata tun da aka kawo ni Rogo daga Jajaye. Yajin daddawa, da citta da kimba da masoro, kuma ba na ƙara masa komai don ya yi auki. Kasuwa ba na zuwa, ƙafata ba ta saba da waje ba. Masu kanti ne ke aikowa su ɗauka a 'yan robobi, wanda duk ya ci kuwa ya san na gidanmu ne.

Ana nan sai ƙanin mijina ya buɗe shagon kwamfuta a bakin tasha. Katin aure, katin suna, fostar 'yan siyasa, duk shi ke bugawa. Daga nan tafiyarsa ma ta canza. Ya sayi tabarau, alhali idonsa lafiya lau. Mutumin da na sani yana kankare mini ƙanzo a gindin tukunya, wai yanzu in ba a ce masa injiniya ba sai ya yi kamar bai ji ba.

Wata rana da hantsi ya shigo da kwamfutar a jaka, ya baje a tabarmata.

"Matar yaya, kina cutar kanki. Yaji ba sitika? Ai amarya ce ba lalle."

Na ce, "In ta iya tuwo, ko ba lalle za a ci."

Bai kula ni ba, ya buɗe ya ce in matso in ga laburarensa. Ashe hotuna ne ya kwaso, ya jera su ɗaki-ɗaki, wai folda. Nan na aure, nan na suna, nan na siyasa, nan na abinci. A ɗakin aure na ga hannun wata Baturiya da zobe, ga tattabaru biyu a sama.

Na ce, "Au! Ashe wannan hannun ne aka ɗaura wa rabin samarin Rogo? Duk katin da aka kawo mini shi nake gani."

A ɗakin suna kuwa wani jariri ne fari sol mai shuɗin ido, shi ma an haife shi a kusan kowane gida a unguwarmu.

Ya gyara tabarau ya ce, "Ba za ki gane ba. In na ajiye hoto sau ɗaya, na gama wahala. Mutum ya zo, in jawo, in canza suna, in buga. Ilimi ke nan."

Na ce a raina, a garinmu dai lalaci ake ce wa wannan. Amma maigidan ya sa baki, ya ce in bar shi ya gwada. Ya bugo mini sitika: jan barkono da wata tukunya mai tururi, sunana can ƙasa ƙanana. Ta yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba.

Ba a daɗe ba sai 'yar gwaggona da ke aure a Yola ta Karaye ta aiko mini da saƙo, wai me ya same ni na fara zuba garin masara a yaji? Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ashe duk matar da ta je shagonsa neman sitika, barkonon nan da tukunyar nan yake jawo mata. A cikinsu akwai mai haɗa yajinta da gari da kala. Ta ci riba, ni na kwashi zagi.

Na aika ya zo.

Ya ce, "To ai sunanki daban, nata daban."

"Wa ke karanta suna, injiniya? Ni mai sunan ma ban karanta ba. Hoto mutane ke gani."

Ya dubi tsakar gida, ya ce ya samo dabara: zai ɗauki hoton turmina. Turmin ƙirya ne da innata ta sa mini a kayan ɗaki, ya tsage a baki, wani maƙeri a Jajaye ya ɗaure shi da baƙin ƙarfe. Duk matar da ta taɓa shigowa gidan nan ta san shi. Ya ɗauka da waya, ya share bango da kajin da ke baya, ya bar turmin da taɓarya, ya bugo mini sabuwar sitika. To wannan kam na ji daɗinsa. Masu saye suka koma cewa a ba su "mai turmi". Har fura na dama masa da nono mai kyau.

Ashe an gudu ne ba a tsira ba. Bayan an cire gyaɗa, maigidan ya dawo daga kasuwar Karaye da wata roba, ya ajiye a gabana. Turmina ne, da tsagarsa da ƙarfensa, a jikin yajin wata. Na buɗe na shinshina, gari ne zalla da ɗan barkono. Ya ce ya kuma gan shi a allon wani mai injin niƙa.

Da ƙanin nasa ya zo, ko gaisuwarsa ban tsaya amsawa sosai ba, na miƙa masa robar.

Ya juya ta, har da murmushi. "Kai, ya fito ras! Ai ɗakin abinci na sa shi. Abin da ya shiga laburare, aiki zai ta yi. Wani abokina mai shago a Karaye ya zo da filash ya kwafi ɗakin gaba ɗaya. Matar yaya, kamata ya yi ki yi alfahari, turminki ya yi suna."

"Turmin ya yi suna, mai shi ta rasa nata. Goge shi yanzu ina gani."

Ya danna, ya danna, ya juyo mini da kwamfutar kamar wanda ya kashe zaki. "Shi ke nan, ya tafi."

"Na Karayen fa?"

Ya sosa ƙeya. "Wannan kuma ya fita hannuna."

Ranar na ɓare sitikun da suka rage a jikin robobina, na aika wa masu kanti cewa na daina bayarwa. Mai son yajina ya turo gida, a auna masa daga bakin turmi. Ciniki ya ragu, ba shakka, don ba kowa ke da lokacin shigowa lungunmu ba. Har yau kuma ana sayar da "mai turmi" a kantuna daga nan har Karaye, ba kuwa hannuna a ciki.

Shi kuwa bai fasa zuwa cin abinci ba. Da ya zauna gaban shinkafa da wake ya ce a kawo yaji, robar Karayen nan na ɗauko masa.

Na ce, "Ga naka, mai hoto."

Ya barbaɗa, ya ci, ya suɗe hannu, ya ce shi bai ji wani bambanci ba. Ban yi masa musu ba.