Baret ɗin Surukina

Shekara bakwai ina gyaran kwamfuta a unguwar Kilomita Biyar, surukina bai taɓa ɗaukar abin sana'a ba. Shi babban ɗan kasuwar atamfa ne. In aka tambaye shi me mijin 'yarsa yake yi, sai ya ce ina taɓe-taɓen wayoyi. Abin yana ci mini rai, wallahi, amma suruki ne, sai in durƙusa in gaishe shi in wuce.

Ran nan ya dawo daga Duwala ya sa aka kira ni. Tsohuwar kwamfutar shagonsa ta cika nawa, wani ya ce masa baret za a sauya mata, wato siririn abin nan da ke sa inji sauri. Alhaji kuwa bai iya sayen ƙaramin abu ba, ya zaɓo mafi girma. Ya miƙo mini a gaban abokansa, ya ce yau za a ga aikina.

Na rungumo kwamfutar a mototaksi, babur ɗin haya, har rumfata. Baret ta shige raminta daidai. Na kunna, sai ƙara uku, tit tit tit, allo baƙi ƙirin. Na goge haƙoranta, na sauya rami, na cire batirin katmer na mayar. Tit tit tit. Katmer ɗin, babban faifan da komai ke kansa, ya tsufa, bai san baƙuwar ba. Na mayar da tsohuwar baret, na aro janareto don kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki inji ya mutu murus, na sabunta biyos, ɗan shirin da ke fara tada injin, ina ta salati. Na sake gwada sabuwar. Tit tit tit. Na zage ta da Hausa, na ƙara da Sango.

To wa zai je ya ce wa Alhaji ya yi sayen banza? Matata ta ce ba da ita ba, ubanta ne, ta san halinsa. Sai na zare baret ɗin kwamfutata, wadda nake cin abinci da ita, na saka masa. Nan take inji ya tashi garau. Tasa na jefa a aljihu. Kwana uku yana yabon kansa a kasuwa, wai kayan Duwala ba wasa ba.

Na manta Alhaji ba ya sayen abu bai sa masa alamarsa ba, kamar yadda ake yi wa dila kafin a ɗora a mota. Har baret ya ɗiga wa jan fenti. Matata, da ba ta taɓa ganin baret ba, ta tsince ta wajen wanki, ta ga alamar babanta, ta kai masa kayansa da hannunta.

Aka kira ni, na je na tarar da Alhaji da abokansa. Yana jujjuya ta a hannu ya tambayi ta wa ce a cikin injin. Na sunkuyar da kai na ce tawa. Ya tambayi kwamfutata, na ce tana kwance. Sai ya dubi abokansa ya ce musu ɗansa injiniya ne, mai matsala ya zo wurina.

"Gobe ka rubuta mini irin wadda kwamfutar tawa take so," in ji shi. "Injin nan halina ya ɗauko, ba ya karɓar baƙo da wuri."