Kwana Tara Yayana Yana Shiri

Yayana mai gyaran fanka ne da dutsen guga. Shekara talatin yana shago ɗaya, faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba, rabin wurin kuma talabijin ta cinye. Ba ya kallon labarai, ba ya kallon ƙwallo, sai finafinan faɗa, irin waɗanda ake kashe wa mutum uba tun farko, ya hau dutse ya koyo duka, ya sauko yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana kakkarya su. Shi ya sa 'yan layin suke ce masa Ɗan Caina, shi kuwa yana amsawa har da ɗaga gira.

Ba zan yi ƙarya ba, abin yana da kyan kallo. Na taɓa kai masa dutsen gugata, na tsaya na manta abin da ya kawo ni. A fim ɗin ruwan sama na zuba, mutum ɗaya cikin baƙar riga, ƙarti ashirin sun kewaye shi, sai da ya gyara wuyan rigarsa sannan ya fara. Jinin ma a tsare yake fita, kamar an auna shi. To amma Yaya ba kallo kawai yake yi ba, karatu yake ɗauka. Mai fanka zai zo ya wanke shi tas a kan aikin da ya yi sati uku bai taɓa ba, Yaya ya sunkuyar da kai yana ta ba da haƙuri. Sai mutumin ya sha kwana sannan ya ce da ni, "Da kin san inda zan taɓa shi a wuya, da kin tausaya masa." Haka ya yi ta tausaya wa jama'a har furfura ta fito masa.

Wata Laraba da hantsi ina gidansa, sai ga Auta, 'yarsa da aka aurar bara, ido a kumbure, leɓe a fashe, bayanta babu goyo. Mijin ya dake ta ya koro ta, ya riƙe jaririn, ɗan wata huɗu wanda bai san komai ba sai nonon uwarsa.

Aka kira Yaya daga shago. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ka raka ni in ɗauko ɗana. Ba sai ka ce komai ba, ka tsaya a bayana kawai."

Na kalli fuskarsa, na ga abin da har yau ban manta ba. Daɗi ne ya ji. Ranar da ya daɗe yana jira ta zo.

"Irin wannan ba a zuwa haka kawai," in ji shi. "Sai an shirya. Kada kowa ya taka gidan nan ya ɓata mini tsari."

Ya rufe shago. Ya cika buhu da yashi ya rataye a tsakar gida, kusa da igiyar shanya. Ya kai wa tela baƙin yadi. Da safe ya zaga layi da gudu yana haki, ya dawo ya yi ta naushin buhu yana wani ihu ta hanci. Kwana na uku ya gurɗe hannu, aka ɗaure masa. Matarsa ba ta saba ƙetare maganarsa ba. Ni ma da nawa laifin, na ce yaya ne, uba ne, bari a ba shi girmansa. Auta kuwa tana ɗaki, ba ci ba sha, da ta ji kukan ɗan maƙwabta sai ta zabura.

Ranar kwana tara na tambaye shi yaushe ne tafiyar. Ya ce tela bai samo irin maɓallin da yake so ba.

Na ja mayafina, na kama hannun Auta, muka hau mota. Mijin da kansa ya buɗe ƙofa, wani tsamurarre cikin singileti, ido ja wur don rashin barci. Babu ƙarti ashirin, ko kare babu. Bai yi musu ba. Ya shiga ya fito da yaron da kwalbar madara, ya miƙo mana duka.

"Ku tafi da shi, ni ya ishe ni," ya ce. "Tun ranar nake jira wani ya zo."

Da muka dawo, Yaya na tsakar gida da hannu a naɗe. Ya ga yaron, ya ɓata rai.

"Kuka je ba ni? Ai kun lalata komai!"

Auta ta wuce shi ba ko kallo, ta shige ɗaki, na bi ta. Ta zauna bakin gado ta sa yaron a nono. Ya kau da kai. Ta juya shi ɗaya ɓarin, ya ƙanƙame jiki ya tsala kuka yana ture ta da hannu. Ta lallashe shi, ta kira shi da duk sunan da take kiransa, ta sake gwadawa, ya sake ƙi. Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na ɗiga a goshin yaron. Sannan ta miƙo hannu ba tare da ta ɗago ba.

"Gwaggo, ba ni kwalbar."